Tashar jirgin lambu da Zainabu ta kwashe min

Kwalin da ƴar tashar jirgin ƙasan wasan nan ta zo a ciki har yau yana nan a ɗakin ajiya ban yar ba, kuma a jikinsa da manyan baƙaƙe an rubuta wai ginin yana jure ruwan sama da rana da sanyi, a bar shi a waje shekara ta zagayo ba abun da zai same shi. To ba zan ce sun yi ƙarya ba. Iska ce dai ba su ambata ba ko sau ɗaya, ba a kwalin ba, ba a takardar haɗawa ba, mu kuwa nan Hamburg in akwai abun da Allah ya hore mana a wadace ai iska ce.

Ina da ɗan lambu irin na haya da ake karɓa a hannun ƙungiya, wanda Jamusawa ke ce wa Kleingarten, a can na shimfiɗa layin dogo ya zagaye fegin da uwargida ke shuka tumatir da alayyahu. Jirgin na hannu na saya, ɗan kan jirgin LGB ɗin nan da ake kira Stainz da tarago uku, masu tafiya a layi mai faɗin milimita 45, irin wanda kamfanin Lehmann na Nuremberg ya fara fitarwa a 1968. Awonsu 1:22.5 ne, wato mutum mai tsawon mita 1.80 zai dawo santimita 8 kenan, kamar ɗan yatsa. Abun da ya ja ni gare shi, jiragen siririn layi mai faɗin mita 1 yake kwaikwayo, tsohon layinmu na Legas zuwa Kano da na taso ina gani a Zariya kuma milimita 1067 ne, kusan tafiyarsu ɗaya, in yana rangaji a kwana sai in tuna gida. Jirgin dai ba ni da ƙorafi a kansa. Maganata a kan ginin tasha ce, wadda wani kamfani daban ya yi, kuɗinta kuma masu harkar sun sani, ba na yara ba ne.

Bayan ƙaramar sallar 2021 kwalin ya iso. Gaskiya da na buɗe na ji daɗi, robar mai kauri ce ba irin ta kayan wasan da ake sayarwa a bakin titi ba, bangon da zanen bulo, an riga an yi masa fenti tun daga masana'anta har da ɗan baƙi-baƙi a ƙarƙashin tagogi kamar gini ya sha damina. Gam ɗan bututu ɗaya ne a ciki, takardar haɗawa kuma hotuna ne zalla da lambobi, ba ko kalma ɗaya. Dare huɗu na yi a kai ina ɗaure bango da robar ɗaure kuɗi, ina danne tagogi da abun maƙale shanya, warin gam ɗin ya sa a dare na biyu uwargida ta koro ni baranda da kayana. Tagogi biyu lambarsu a juye take a takardar, sai da na manna ɗaya sannan na gane, na ɓamɓare da reza ina ta sababi ni kaɗai. Amma da aka gama kam abu ya yi kyau. Na baje tsakuwa a gefen layi na ɗora ta a kai kawai, don a hannu tana da ɗan nauyi, ban kawo komai a raina ba. Duk zafin shekarar nan tana zaune, ruwa ya dake ta, rana ta dake ta, maƙwabta in sun zo wucewa sai sun tsaya a bakin shinge sun leƙo.

Abun da ban lura da shi ba, ginin ba shi da daɓe, ƙasansa a buɗe yake kamar an kife kwarya, ga rumfar fasinja mai faɗi da ta fito ta gaba kamar lema. Yanzu in na kalle ta ina mamakin yadda ban ga haka ba.

Sai watan Fabrairun 2022. Duk wanda ke arewacin Jamus lokacin ya san makon da nake nufi. Guguwa ta farko ta zo daren Laraba 16 ga wata wayewar Alhamis, wadda suka sa wa suna Ylenia, a lokacinta ne igiyar ruwa ta fasa gilashin gaban jirgin fiton fasinja a kogin Elbe har bidiyon ya zagaye duniya. Da na tashi aiki ran Alhamis na biya lambu, na tarar tashar ta matsa kamar taƙi ɗaya, ta juya baya ga layi. Na mayar da ita na samo bulo biyu na jingina mata hagu da dama, a ganina na gama aiki. Da na koma gida nake ba da labari uwargida tace, "Malam ka shigar da abun nan cikin ɗakin lambu mana, an ce wata na tafe gobe." Nace ai kwalin ya ce a bar ta waje. Wallahi haka na faɗa, da bakina, kwalin ya ce.

Ran Juma'a 18 ga wata muna fitowa daga masallaci waya ta fara ƙarar gargaɗi. Wannan sunanta Zeynep, wato Zainabu dai da bakin Turkawa, mu a gida Zainabu muke ce mata har yau. Kafin dare an tsayar da jiragen ƙasa na gaske a arewacin ƙasar, ruwa ya hau kasuwar kifi ta bakin Elbe, tagar ɗakinmu tana jijjiga kamar ana buga ta da hannu. Ina kwance ina lissafi, jirgi mai tan ɗari-ɗari an ce ya tsaya kar iska ta yi masa illa, ni kuma na bar kwaryar roba a fili da bulo biyu. Ban yi baccin kirki ba, kuma ban iya cewa komai ba don wadda ta gargaɗe ni tana gefena.

Asabar da sassafe muka tafi da autana. Muna buɗe ƙofar lambu na hango bulo biyun nan zaune daram inda na ajiye su, tsakaninsu wayam, kamar an kwance akuya an bar turke. Yaron ya kalle ni yace, "Abba ina tasharmu?" Ba ni da amsa. Muka shiga nema, shinge shinge, ana ta tsintar kujerun roba da murfin bokiti na mutane a hanya. Gangar jikin muka samu a lambu na uku daga namu, ta faɗa cikin kabejin hunturun nan da suke ce wa Grünkohl, ƙafa a sama. Rabin rufin yana maƙale a shinge, ɗaya rabin a cikin duron tara ruwan sama na wani, yana iyo. Bututun hayaƙin kan rufi da ginshiƙi ɗaya na rumfa kuwa har yau Allah kaɗai ya san inda suke.

A nan ne abun ya ɗaure min kai, kuma dole in yaba musu. Bango huɗun nan ko tsagewa ba su yi ba. Ta yi tafiyar da ta fi mita 20 tana birgima, ta tsallake shinge biyu, amma kusurwoyin suna nan gam kamar ranar da na haɗa, taga ɗaya ce kawai ta fita. Rufin kuma bai karye ba, rabuwa ya yi daidai kan layin da na shafa gam, tas, kamar an raba shi da wuƙa.

Mai lambun da ta faɗa ciki wani dattijo ne ɗan fansho, ashe shi ma tsohon ɗan harkar ne, da nasa layin a bayan ɗakin lambunsa ban taɓa sani ba. Ya karɓi rabin rufin ya juya shi, ya sa farce a bakin, gam ɗin ya taso kamar ɓawon albasa da jan fenti manne a jikinsa. Yace min ai irin wannan gam ba manna abu yake ba, narkar da robar yake, fuska biyun su narke su zama abu ɗaya in ya bushe. To in akwai fenti a tsakani bai isa ga robar ba, fentin kawai ya riƙe. Bakin bangon roba ce tsirara shi ya sa suka haɗe, bakin rufin kuwa sun feshe shi da fenti har gefe. Da na kankare fentin kafin in shafa gam da ba haka ba. Minti biyar na aiki. Kuma wannan shi ne abun da ya fi ƙona min rai a duk lamarin, su suka yi fentin, su suka sako gam ɗin a kwali, sun san ba sa jituwa, amma a takarda mai shafi da yawa ba su iya zana ko ɗan hoton reza a gefe ba. Iskar ma na yarda da rabon laifina, an gaya min ban ji ba. Wannan kuwa nasu ne.

Gyaran da dattijon ya nuna min shi nake kai har yanzu. Na kankare duk bakin da za a haɗa da reza na bi da sanfefa har robar ta fito, na sake shafa gam. Ta ciki na bi kusurwoyi da silikon, don shi baya bushewa ya yi tauri, roba kuma tana buɗewa da zafi ta tsuke da sanyi, abu mai tauri irin sufa gulu a waje hunturu ɗaya zai fashe. Rufin ban manna shi da bango ba wannan karon, sukuru huɗu na sa ta ƙarƙashin baki yadda zan iya ɗagawa in share ko in canza ƙwan fitila. Sai gindin. Shugaban ƙungiyarmu baya son a zuba siminti a lambu, saboda haka falalen siminti na daɓen hanya na sayo, mai santimita 60 da 40, nauyinsa ya kusa kilo 30, bayana ya gaya min a ranar. Na huda shi da injin huda na sa fisha, robar nan da ke riƙe sukuru a cikin huji, na ɗaure ƙananan ƙarafa masu kusurwa guda huɗu ta cikin ginin inda ido baya gani. Sukurun dole marasa tsatsa, in ka sa na gama-gari kafin shekara jan ruwa zai zubo a bango. Hujin jikin robar kuma a ɗan faɗaɗa shi ya fi sukurun, a sa wosha, kar a ɗaure tamau, saboda wannan buɗewa da tsukewar. Falalen na zaunar da shi a kan yashi da ɗan gangare kaɗan ta baya, na bar ƴar kafa a ƙasan bango ruwa ya riƙa fita, in ba haka ba ya kwanta a ciki ya daskare ya tura bango. Na rufe gefen da tsakuwa, ba mai cewa akwai siminti a wajen. Tun daga nan hunturu uku suka wuce, iska ta yi ta yi, ko motsi.

Da a nan zan tsaya da tauraro huɗu cikin biyar zan ba su, don ƙarfin robar nan ba wasa ba. Amma ina rubutun nan na tuna zancen bututun hayaƙi raina ya sake ɓaci. Na rubuta wa shagon da na saya ina neman bututun da ginshiƙi ɗaya, da kuɗina fa ba kyauta ba, sai bayan kusan sati uku suka amsa da layi biyu wai in tuntuɓi masana'anta. Masana'anta suka ce ba sa sayar da ƙwaya ɗaya sai dai in ɗauki jerin kayan rufin gaba ɗaya ga kuɗin aike a kai, da na haɗa lissafi sai na ga abun ya zama rainin hankali a kan roba biyu da ba su kai yatsa ba. Ginshiƙin na yanko daga sandar tsire na shafa fenti, bututun hayaƙin kuma murfin alƙalamin maka ne na autana, baƙi, na cika shi da silikon na dasa. Daga nesa ba a ganewa, ni dai ina ganewa kullum.

Sannan jan rufin nan da suka ce rana bata cinsa, ɓangaren da ke kallon kudu ya koɗe ya koma kalar ɓawon dankali, ɗaya ɓangaren yana nan ja, in ka tsaya ta gefe kamar rufin gida biyu aka haɗa. Robar tagogin ma ta yi hazo ta ɗan yi rawaya, da dare in na kunna fitilar ciki ba ka ganin fasinjojin da na zaunar a benci sai inuwarsu. Rana ta Hamburg fa, wadda sai a yi sati ba a gan ta ba. Da a Zariya ne ban san me zai rage ba. Uku zan bayar, kuma ukun ma na bango ne. Uwargida tace biyu ya dace tunda har da baccin da aka hana ta.

Katantanwa sun mayar da ɗakin jiran fasinja gidansu, duk bazara sai na kwance rufi na kwashe su. Satin da ya wuce na yi odar tankin ruwa na gefen layi, wajen kamfanin nan dai, don masu yin gini a wannan awon ba su da yawa kuma bulon nasu ya fi na kowa kama da na gaske. Kwalin bai iso ba tukuna, falalen simintinsa yana can na riga na zaunar, reza da sanfefa suna kan teburin baranda.