An ce haƙoranka na buƙatar ciko a Ingila: wace hanya za ka bi?

Ka je a duba maka haƙori ba tare da wani ciwo ba, sai likita ya miƙo maka takarda wai haƙora biyar na buƙatar ciko. Wannan yana faruwa da 'yan uwanmu da yawa a Ingila, musamman masu zuwa asibitin kuɗi saboda wahalar samun gurbi a NHS, wato hukumar lafiya ta gwamnati.

Amincewa nan take ba na ba kowa shawararta, sai in akwai ciwo mai hana barci ko kumburi. Jira har ka koma gida hutu kuwa caca ce, domin ruɓa ba ta san ranar tafiyarka ba.

Abin da nake so shi ne ka nemi likita na biyu, kana riƙe da hoton X-ray na haƙoranka. Doka ta ba ka damar karɓar kwafin hoton da aka ɗauka, kuma yawanci ba a biyan ko sisi. Ka kai wa wani likitan, kada ka faɗa masa abin da na farko ya ce, ka bar shi ya gani da idonsa. Tambayar da za ka yi guda ɗaya ce: ruɓar ta tsaya a ɓawon waje mai tauri, ko ta shiga ɓangaren ciki mai laushi? In a ɓawo ta tsaya kuma babu rami, sau da yawa ana iya tsayar da ita da man goge baki mai fuloraid, sinadarin da ke ƙarfafa ɓawon haƙori. Na kanti yana ɗauke da 1,350 zuwa 1,500 ppm (ma'aunin yawan fuloraid ɗin), likita kuma yana iya rubuta maka mai 5,000. Sai a rage shayi mai sukari da lemon kwalba, a sake ɗaukar hoto bayan wasu watanni. In kuwa ta ratsa ciki ta yi kogo, to ciko ya zama dole, jinkiri zai kai ka ga cire jijiya ko rasa haƙorin.

Dalilin da ya sa na damu shi ne, haƙorin da aka fafe ba ya komawa. Ciko ba ya dawwama, kuma duk lokacin da za a sauya shi sai an ƙara fafe wani abu.

Ka lura da yadda ake biyan kuɗi. A NHS ta Ingila ciko yana rukunin farashi na 2, wanda a 2024 fam 73.50 ne, ko haƙori ɗaya ko biyar in dai a magani guda ne. Mai ciki da wadda ba ta cika shekara da haihuwa ba kyauta ne. A asibitin kuɗi kuwa kowane haƙori da farashinsa.

Nan ne mayaudara suke. Wani asibiti ya taɓa sa mini ƙaramar kyamara a baki, aka haska wani ɗigon baƙi a allo har ya kai girman tafin hannu, kafin in tashi daga kujera an kawo takardar biya kaɗan-kaɗan. Likita na biyu ya taɓa wurin ya ce tabo ne kawai, mai tauri. Ka yi hattara da masu tallan dubawa kyauta, da masu cewa rangwamen na yau ne kaɗai, da masu son sauya maka tsohon ciko mai lafiya wai don baƙi ne. Wanda ya ƙi nuna maka hoto, ko ya ƙi rubuta lambar kowane haƙori da kuɗinsa, ka ɗauki jakarka. Mayaudaran suna gane baƙo, suna kuma gane mai jin kunyar tambaya saboda Turanci. Ka tafi da wanda zai taya ka magana, sannan ka duba sunan likitan a rajistar General Dental Council, hukumar da ke yi wa likitocin haƙori rajista, a intanet kafin ka zauna a kujerarsa.