Modem ko MiFi: wanne ya fi wa kwamfutar tebur a bakin iyaka?

Ɗan'uwanmu mai shagon buga takardu a Illela ya kawo tambaya. Kwamfutarsa ta tebur ce, da modem ɗin nan mai kama da filashi yake shiga intanet. Wani lokaci sai ya ga sunan kamfanin da bai san da shi ba, wani lokaci kuma a rubuta masa "Roaming" intanet ta ɗauke ɗif, alhali ko ƙofar shago bai fita ba. Shin ya ci gaba da modem ɗin ne, ko ya sayi MiFi, wato 'yar na'urar nan mai cin sim da ke raba intanet ta Wi-Fi?

Malam, kafin ka fitar da ko kwabo, raba matsalar gida biyu. Suna ya fito ba daidai ba daban, layi ya tsallaka iyaka daban.

Kowane sim yana ɗauke da lamba mai alƙaluma 15. Ukun farko na ƙasa ne: Najeriya 621, Nijar 614. Biyun da ke biye na kamfani ne: Airtel 20, MTN 30, Glo 50, 9mobile (wanda ya koma T2 a 2025) 60. Turken sadarwa ma yana shelanta tasa lambar, modem kuma ya gwada su. In sun dace kana gida, in sun saɓa sai ya ɗauka layinka ya tafi yawo, wato "Roaming" ke nan. Suna kuwa ba daga wuri ɗaya yake zuwa ba. Wani daga sim ake karanto shi, wani turke ne ke aiko shi, wani kuma daga jerin sunayen da aka zuba wa modem tun daga masana'anta. Kamfanin da muke kira Airtel tun 2010 ya taɓa zama Econet, Vmobile, Celtel da Zain, lambarsa dai na nan. Saboda haka in tsohon modem ya rubuta maka Zain ko Celtel alhali lambar turken da 621 ta fara, jerinsa ne ya tsufa, layinka lafiya lau. Haka abin yake a Nijar, inda Orange ya koma Zamani bayan an sayar da shi a 2019.

Amma kai a Illela kake, ga Birnin Konni nan a arewa da ku, kuma sabis bai san shingen kwastan ba. Da zarar turkenku ya yi rauni ko ya mutu, modem ɗin da aka bari yana zaɓa wa kansa sai ya kama na tsallake, in dai an buɗe wa layin yin haka. Abin da ya fi ɓata rai shi ne ba ya saurin dawowa: ko an kashe an kunna, sabis ɗin da ya rabu da shi na ƙarshe yakan fara nema. Datar da ka saya ta gida kuma galibi ba ta aiki a can, kuɗin katinka ake ci da tsadar yawon ƙetare.

To, mu ajiye modem da MiFi gefe da gefe.

Modem yana da wata fa'ida da ba a cika faɗa ba: idan Windows ce da kanta ke tuƙa shi, tana ganin duk halin da yake ciki. A Windows 10 ko 11 shiga Settings, sai Network & Internet, sai Cellular, za ka tarar da wurin da ake zaɓar "Don't roam". Kana kuma iya buɗe cmd, tagar rubuta wa Windows umarni, ka rubuta netsh mbn show interfaces ka ga sunan haɗin, sannan ka rubuta netsh mbn show connection interface="sunan", ka duba layin Provider Id, wato lambar turken da kake kai. In 614 ya fara, ka tsallaka da gaske. Bugu da ƙari, Windows ta san wannan hanyar ta kuɗi ce, don haka takan yi tsimin data da kanta.

Inda yake da rauni kuwa ba kaɗan ba ne. Da yawansu suna zuwa da tasu manhajar, irin su Mobile Partner ta Huawei, sai ka ga manhajar da Windows suna ja-in-ja a kan modem ɗaya kamar kishiyoyi a kan murhu, ka hana yawo a nan, can kuma a buɗe yake. Sannan dubi inda yake zaune: bayan akwatin ƙarfe, ƙarƙashin tebur, jikin bango, cikin tarin wayoyi da ƙura, ga zafin da yake ɗauka da rana tsaka. Da wuya ya samu sabis mai ƙarfi a nan. Doguwar wayar USB takan taimaka a kai shi taga, amma kada ta wuce mita 5. Kuma duk lokacin da aka ɗauke wuta, shi da kwamfutar tare suke mutuwa.

MiFi kuwa da kansa yake tafiyar da harkarsa. Ta burauza ake shiga masa, 192.168.8.1 a na Huawei, 192.168.0.1 a yawancin na ZTE. A ciki akwai makunnin hana data a yawon ƙetare, akwai kuma wurin neman sabis da hannu, ka zaɓi kamfaninka ka kafa shi a kai. Saitin a jikinsa yake zama, ko an goge Windows an sake zubawa ba ruwansa. Yana da batir, ɗaukewar wuta ba ta raba shi da turke. Kana kuma iya ajiye shi a tagar da ke kallon cikin gari, ka sa bangon shago tsakaninsa da Konni. Wannan kaɗai yakan rage matsalar sosai.

Sai dai a nan Windows ta makance. Abin da take gani Wi-Fi ne ko wayar haɗi, ba ta san da sim ba balle ta san ya yi yawo. Za ta saki jiki ta sauke manyan sabuntawa da datarka, sai in ka shiga ka kunna mata "Metered connection". Yawancin kwamfutocin tebur ma ba su da Wi-Fi, sai ka haɗa da wayar USB ko ka sayi 'yar na'urar kama shi. Batirin kuma ba ya son zama a caji dare da rana a zafin Sakkwato, yakan kumbura. In wutarka tsayayya ce, rauta (router) mai cin sim ta fi, ka ja waya daga ita zuwa kwamfuta. Ka lura kuma akwai masu siffar modem, irin Huawei E3372h, waɗanda aikinsu irin na MiFi ne, ta burauza ake saita su.

Idan ka ga "Unidentified network", ko sunan yana ƙaruwa daga Network 2 zuwa Network 3, wannan tsakanin kwamfuta da na'urar ne, bai taɓa turke ba.

Akwai abu guda da zai iya rikita ka. A 2025 hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince da yarjejeniyar da ta ba masu layin 9mobile damar hawa turakun MTN. A irin wannan hali na'ura na iya nuna yawo alhali lambar 621 ce, kuma in ka hana yawon gaba ɗaya kana iya yanke wa kanka intanet. Zaɓen sabis da hannu ya fi dacewa a nan.

A ganina, in lambar ta nuna 621 kuma suna ne kawai ya tsufa, riƙe kuɗinka, sayi doguwar waya ka kai modem taga. In 614 kake gani, kuma da wannan intanet kake cika wa yara fom ɗin JAMB, sayi MiFi ko rauta wanda ba a kulle shi da kamfani ɗaya ba, ka kafa masa sabis da hannu. Ka sani ranar da turkenku ya mutu intanet za ta tsaya cak maimakon ta tsallaka, don haka ajiye sim na wani kamfanin a aljihun tebur. Ka fara duba Provider Id ɗin a lokacin da matsalar ta taso, ka turo mana alƙaluma biyar ɗin da suka fito.