Gargaɗi ga masu neman Sunbeam Tiger a Ingila: akwai mai sayar da Alpine da sunanta

Assalamu alaikum. Ina rubuta wannan gargaɗi ne domin 'yan uwa mazauna Ingila masu sha'awar tsofaffin motocin ƙasar masu kujera biyu, musamman wanda zuciyarsa ta kwanta da Sunbeam Tiger har ya fara tara kuɗinta. Akwai wani mutum a wani ƙauye na tsakiyar ƙasar da yake tallata wata jar mota a zaurukan Facebook na masu tsofaffin motoci, yana cewa Tiger ce ta asali wadda aka yi wa gyare-gyaren ƙarin ƙarfi. Motar ba Tiger ba ce, kuma ni da kaina na biya kafin alƙalami a kanta kafin in gane haka. Ba zan ambaci sunansa ba domin maganar tana hannun hukuma, amma zan bayyana yadda yake aikinsa dalla-dalla.

Sai an san asalin motocin biyu kafin a fahimci inda algus ɗin yake shiga. Kamfanin Rootes ya fara ƙera Sunbeam Alpine a 1959, mota ce kyakkyawa mai inji mai silinda 4 wanda bai taɓa wuce lita 1.7 ba, kuma an yi ta da yawa har zuwa 1968. Da aka ga Amurkawa suna son ƙirarta amma suna raina gudunta, sai aka nemi Carroll Shelby, Ba'amurken da ya riga ya yi suna da motar AC Cobra, ya cusa mata injin Ford mai silinda 8 na lita 4.3. Daga nan aka samu Tiger, wadda aka nuna a birnin New York a 1964, kamfanin Jensen kuma ya riƙa harhaɗa ta a West Bromwich. Kimanin 7,000 kawai aka yi, mafi yawansu suka tafi Amurka, sannan aka daina a 1967 bayan kamfanin motoci na Chrysler ya karɓi ragamar Rootes, domin ba zai ci gaba da sayar da mota mai injin kishiyarsa ba, nasa injin kuma bai shiga ramin ba. Samfurin ƙarshe, Mark II mai lita 4.7, bai kai ko 700 ba.

Gangar jikin motocin biyu kusan ɗaya ce, amma kuɗin Tiger ya ninka na Alpine nesa ba kusa ba. Saboda haka wanda ya samu Alpine mai lafiyayyen bodi, ya samu injin Ford, wanda ba ya wuyar samu, sannan ya samu farantin lambar shasi daga wata Tiger da tsatsa ta cinye ko ta yi haɗari, to ya haɗa kayan damfara. Abin ya daɗe har masu harkar sun raɗa wa irin wannan mota suna Alger, wato rabin sunan Alpine da rabin na Tiger. A nan ya kamata in yi adalci: sanya wa Alpine babban inji ba laifi ba ne, kuma akwai masu yin haka tsakani da Allah, su sayar da ita a matsayin Alpine da aka yi wa garambawul, a farashinta. Laifin yana farawa ne daga lokacin da aka ciro farantin wata mota aka manna wa wata.

Dabarar mutumin nan ita ce ya mayar da gyare-gyaren motar mafakarsa. Tun a tallar ya rubuta cewa an canza inji zuwa babba na lita 5, an sa giya mai hawa 5, an sa birki na zamani, an kuma sake fenti tun daga ƙarfe. Duk waɗannan abubuwa ne da masu Tiger na gaskiya suke yi, kuma su ne suka ja hankalina, domin dama niyyata in samu wadda zan riƙa hawa, ba ta ajiya a gareji ba. Abin da ban lura da shi ba a lokacin shi ne cewa kowane gyara ya share wata shaida. Da na tambayi lambar inji, ya ce ai an canza inji. Da na tambayi lambar giya, ya ce tsohuwar ta mutu tun a Amurka. Da na ga ƙusoshin da ke riƙe da farantin lambar shasi suna ƙyalli kamar jiya aka buga su, ya ce mai fenti ne ya cire farantin ya mayar. Kowace amsa idan ka ɗauke ta ita kaɗai tana da ma'ana, sai an jera su ne ake ganin babu abin da ya rage a jikin motar da zai tabbatar da sunanta sai farantin nan guda.

Ya nuna mini takardar rajista ta V5C da sunan Tiger a jiki, ni kuma na ɗauka magana ta ƙare. Wannan kuskure ne babba. Takardar tana nuna wanda aka yi wa rajistar riƙe mota ne, a jikinta ma an rubuta cewa ba shaidar mallaka ba ce, kuma hukumar rajistar motoci ta DVLA da ke Swansea ba ta kwanta ƙarƙashin kowace mota ta duba walda kafin ta bayar da ita ba. Haka kuma da na nemi tarihin MOT, wato gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, ya ce motar ta wuce shekara 40, saboda haka ba ta buƙata. Gaskiya ne tun 2018 an ɗauke wa irin waɗannan motoci gwajin, amma da sharaɗin ba a yi musu gagarumin sauyi cikin shekara 30 da suka wuce ba, kuma Alpine da aka cire wa silinda 4 aka sa mata 8 da wuya ta tsallake wannan sharaɗi. Sannan ya matsa mini da cewa akwai wani mai saye daga Jamus da zai iso ƙarshen mako, idan ina so in tura wani abu ta banki ya riƙe mini. Na tura, ban ko nemi rasit mai bayanin motar ba.

Yayana ne ya taka mini birki. Da na nuna masa hotuna ina murna, sai ya ce, “Ƙanena, ko akuya ba a saye sai an taɓa ƙugunta, balle ƙarfen da ya girme ka. Nemo wanda ya san ta ya duba kafin ka cika kuɗin.” Na tuntuɓi ƙungiyar masu irin motar ta nan Ingila, aka haɗa ni da wani dattijo da ya daɗe yana gyaransu, muka koma tare. Mai motar bai so ba, ya ce ba shi da abin ɗaga mota, dattijon ya ce ai ya zo da nasa jak.

Bai kalli fenti ba, bai kuma nemi a tayar da inji ba. Ya shimfiɗa kwali ya kwanta da tocila, ya fara da ramin giya da bangon da ke raba inji da ɗakin direba, inda Jensen ya faɗaɗa wa babban injin wuri. A motar nan an yanke ƙarfen an ɗora sabon falle, kuma waldar ta zamani ce, an shafe ta da baƙin kwalta mai kauri wanda har yanzu yake karɓar farce. Ya nuna mini mariƙin sandar da ke hana ƙafar baya karkata, wadda Tiger take da ita Alpine ba ta da ita, an liƙa shi a karkace. A cikin but, inda Tiger take ajiye batir da safayar taya a kwance, ya ɗaga kafet ya sa yatsana a kan sawun dutsen guga, sabo fil a ƙarƙashin fentin. Sai ya nemi ƙaramin farantin lambar bodi wanda yake farawa da JAL, mai motar ya ce ya ɓata wajen fenti. Dattijon ya rubuta lambar shasin a takarda, muka fito, kuma sai da muka shiga motarsa ya ce mini bai ga hannun Jensen a jikinta ba ko a wuri ɗaya. Bayan kwana biyu ya kira ni ya ce lambar tana cikin kundin masu motar, kuma Tiger ɗin da ta ɗauke ta ba ja ba ce daga masana'anta, an kuma daɗe da sanin ta ruɓe.

Ga wanda yake neman irin wannan mota, lambar shasin samfurin farko, Mark I, tana farawa da B947, ta waɗanda suka biyo baya kuma da B382, amma sanin wannan ba kariya ba ne, domin ɗan damfara ya fi ka saninsa. Abin da yake kariya shi ne a kai motar gaban masu tantancewa. Ƙungiyar masu Tiger ta Kalifoniya tana da kwamiti na musamman da yake duba gangar jiki ya bayar da takardar shaida, ƙungiyar Ingila ma tana da masana, kuma mai mota ta gaskiya ba ya ƙin a duba ta. A kuma sa mai sayarwa ya rubuta da hannunsa cewa motar Tiger ce da Jensen ya harhaɗa, ya sa hannu, domin a cinikin da ba na dillali mai rajista ba kusan duk haƙƙinka ya rataya ne a kan yadda aka siffanta kayan. Idan daga dillali aka saya, dokar kare masu saye ta 2015 ta ba da kwana 30 na mayar da kayan da bai dace da siffarsa ba. Akwai kuma batun inshora, domin kamfanin da ya gano cewa motar da ya ɗauka ba ita ce a takarda ba yana iya ƙin biya ranar da aka yi haɗari.

Da na nemi kuɗina, mutumin ya ce kafin alƙalami ba ya dawowa, daga baya ya daina ɗaukar waya. Na kai ƙara ga banki da 'yan sanda, tare da hoton tallar da saƙonninmu da rahoton dattijon, tunda dokar damfara ta 2006 ta haramta cin kuɗi ta hanyar siffanta abu da ƙarya, kuma na sanar da DVLA batun lambar. Har yau kuɗin bai dawo ba. A makon jiya na sake ganin motar a wani zauren da wani sunan daban, an rufe lambar gaba da tsumma, an canza ƙafafun zuwa baƙaƙe, amma ƙofar garejin mai kore da tsagin da ke jikin madubin hagu suna nan yadda na bar su.