Tukunyar da ta zauna lafiya da motar tafi-da-gidanka tamu

Shekara biyu ke nan da maigida ya sayo motar nan ta hannu, irin mai gado da kicin da banɗaki a ciki, wadda Turawa ke yawon hutu da ita. Mu biyar ne, ni da shi da yara uku, kuma a Manchesta muke zaune. Tun ranar da aka ajiye ta a ƙofar gida hankalina yana kan girki, don yaran nan biredi da kifin gwangwani kwana ɗaya suke jurewa, a na biyu a fara tambayar ina tuwo.

Motar ta zo da murhun gas mai baki biyu, yana kuma aiki lafiya. Sai dai tukunyar gas ɗin Ingila ba a canza ta a Faransa, bakinsu ma ba iri ɗaya ba ne, don haka in ta ƙare a can ka shiga uku. Ga shi a yawancin zangon da ake kwana a Ingila kuɗin wuta yana cikin kuɗin wuri. Me zai sa in ƙona gas ina dafa wake alhali na biya kuɗin wuta?

Da farko murhun lantarkin nan da ake kira indakshan na saya, mai baki ɗaya, wat 2000. A gida na gwada shi, ruwa ya tafasa kafin in gama yanka albasa, na ce shi ke nan. Abin da ya fara sanyaya min gwiwa shi ne tukwanen alminiyam ɗina da Inna ta haɗo ni da su daga Zariya. Na ɗora, sai ƙara kawai yake yi, ya ƙi kamawa. Irin wannan murhu sai tukunyar da maganaɗisu ke manne wa gindinta. In za ki saya, ki ciro ɗan abin adon da ke manne a jikin firij ki kai gindin tukunyarki tukuna.

Babban abin kunyar a yankin Nomandi na Faransa ya same mu. Mun tsallaka daga Doba zuwa Kale a jirgin ruwa, muka yi ta tafiya har bayan magariba, muka sauka a wani zango, maigida ya ja doguwar wayar nan mai ruwan lemo ya jona a turken wuta. Na ɗora ruwan taliya, na ƙure murhu. Ko minti ɗaya ba a yi ba, ɗif. Maigida ya leƙo daga waje ya ce, "Maman yara, har nan ma ɗauke wuta ake yi?" Akwatin makunnin da ke jikin turken a kulle yake, ofishin zangon kuma an tashi. Da fitilar batir muka ci abinci a daren nan, sai da safe wani dattijo ya zo da mukulli ya mayar, ya nuna min lambar da ke jikin turken da yatsa: 6, wato amfiya 6, iyakar wutar da turken ke bayarwa.

Daga ranar na koyi lissafin da ya kamata in fara da shi. Wutar Turai bolt 230 ce. Ki ninka da amfiyar da turken ke bayarwa, ita ce iyakar abin da za ki ja. Amfiya 6 wat 1380 ke nan, amfiya 10 wat 2300, amfiya 16 kuma wat 3680. A Ingila an fi samun 16 ko 10, a Faransa kuwa 6 ba baƙon abu ba ne. Kuma ba girki kaɗai ke sha daga wannan rijiya ba: firij na ja, cajar batirin motar na ja, in an kunna na'urar ɗumama ruwa ita ma tana ja. Butar shayin gidanmu wat 3000 ce, ko sunanta ba a ambata a motar yanzu. Na so na'urar suyan nan ta iska, amma da na ga masu girman da zai ishe mu sun kai wat 1500, ga cin wuri, sai na haƙura.

Abin da na koma wa shi ne tukunyar furesha ta lantarki, wadda ke kulle tururi a ciki ta dafa da shi, mai cin lita 5.7, wat 1000. Amfiya huɗu da 'yan kai take ja, kuma sai lokacin da take tara zafi; da zarar tururi ya kama, sai ta riƙa kunnawa tana kashewa da kanta. Mun sake komawa Faransa da ita, mun je Wels da Sikotilan, ba ta taɓa kayar mana da wuta ba, muddin na kashe na'urar ruwan zafi kafin in danna ta.

Wake shi ne gwaninta. Ba jiƙo, ba kanwa, minti talatin ya yi lugub. Naman sa mai tauri ma haka. Dafa-duka kuwa a cikinta nake soya albasa da tattasai, in zuba shinkafa da ruwa, in rufe, in fita in zauna a kujera ina kallon yara suna wasa. Ruwan dai a rage shi sosai, don ba ya tsotsewa kamar na tukunyar gida, kuma tumatir in ya kwanta a ƙasa yana kamawa, sai a zuba shi a sama kada a juya.

Tuwon shinkafa fa? Yana yi, har ya fi saurin nuna. Wahalar a tuƙi take. Tukunyar ciki ba ta da mariƙi, ina sa muciya sai ta riƙa juyawa tare da ni kamar muna rawa. Yanzu ciro ta nake yi da tsumma, in dire a kan katako a ƙasan motar, in danne ta da tsumman da hannu ɗaya in tuƙa da ɗayan. Miyar kuka kuma a kan gas nake kaɗa ta, minti kaɗan ne.

Aibinta ba ya ɓuya. Ranar da na fara sakin tururi a cikin mota, kai tsaye ya bugi kabad ɗin da ke sama, tagogi suka yi gumi, labule ya kwana yana ƙamshin daddawa. Tun daga nan a bakin ƙofa nake sakinsa, ko in bar shi ya sauka da kansa. Robar murfin ma tana riƙe wari, sai da na sayi ta biyu don kunun gyaɗa kada ya zo da ɗanɗanon farfesu. Ƙosai da soyayyen dankali ba aikinta ba ne. Tana da nauyi da faɗi, a ƙarƙashin kujera take tafiya, a naɗe cikin tawul don kada ta yi ta ƙara a hanya.

In babu turken wuta kuwa, a ajiye ta. Maigida ya so ya jona ta da inbata, na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida, sai da ya lissafa ya ga wat 1000 daga batir mai bolt 12 kusan amfiya 90 ne, batirinmu kuma na dalma ne mai ɗaukar amfiya 100 na awa ɗaya, wanda rabinsa kawai ake so a sha. Daren da muka kwana a gefen wani tafki a Sikotilan ba wuta, gas na kunna na dafa indomi da ƙwai. Murhun indakshan ɗin kuwa yana kicin ɗin gida, da shi nake soya miya ranar da baƙi suka yi yawa.