Fankar iskar da na kafa a Samaru: abin da na gani cikin wata takwas

Da a watan Janairu aka tambaye ni game da fankar iska mai samar da wutar lantarki, da na ce kowa ya je ya saya. Yanzu kam bakina ya yi nauyi.

Ina da sola tun 2023, lokacin da aka cire tallafin mai, janareta ya fi ƙarfina. Faranti huɗu, batir biyu, inbata mai 24 bolt. Da rana lafiya lau, matsalata dare ce: wajen ƙarfe uku inbata za ta fara kuka, fankar ɗaki ta tsaya, yara su tashi. Na taɓa wucewa ta Lambar Rimi a jihar Katsina na ga manyan fankokin nan na iska a jere, tun ranar abin ya zauna min a rai. Lissafina shi ne rana tana faɗuwa, iska kuwa tana nan har cikin dare. Na yi odar ƙarama mai farfela uku, wadda aka rubuta wat 400 a jikin kwalinta, daga hannun wani dila ta WhatsApp. Bayan kuɗinta, ga na bututun ƙarfe mai mita 6, ga mai walda, ga igiyoyin da aka ɗaure turken da su. Yaron da ya haɗa min sola shi ya kafa ta a watan Nuwamba.

Hunturu ya yi mata rana, ba zan ɓoye ba. Kwanakin da hazo ya rufe gari, ƙura ta lulluɓe farantan sola, ita tana can sama tana juyi tun hantsi har azahar, kwantirola (na'urar da ke kula da cajin batir) na nuna amp 2, wani lokaci 3. Ba wani abu mai yawa ba ne, amma batir yana shiga dare da ɗan ƙarfinsa. Har hotonta na ɗauka na tura wa 'yan uwa. Abin da ban so na lura da shi ba a lokacin shi ne da magariba ta yi iskar kwantawa take yi, ga shi don dare na saye ta.

Da bazara ta shigo sai ta koma ado. Ƙanina da ke karatun injiniya a Jami'ar Ahmadu Bello ya ɗauki 'yar takardar da ke cikin kwalin ya nuna min abin da dilan bai faɗa ba. Sai iska ta kai gudun mita 3 a daƙiƙa kafin ta fara ba da wuta, wat 400 ɗin kuwa sai a mita 12 a daƙiƙa, wajen kilomita 43 a awa ke nan. Kuma idan gudun iska ya ragu da rabi, wutar ba rabi take komawa ba, kashi ɗaya cikin takwas take komawa, wato wat 50. Ku gaya min sau nawa ake irin wannan iskar a cikin unguwa a Zariya? Ga darbejiyar ƙofar gida, ga benen da ke bayanmu, duk suna karya iskar, sai ka ga wutsiyar fankar tana ta waige-waige ta kasa fuskantar gefe ɗaya.

Duk wannan da na haƙura. Abin da ya sa na zauna rubutun nan daren hadarin farko ne, a ƙarshen Afrilu.

A ranar batir ɗaya ya fara ba da matsala, yaron ya zo da la'asar ya kwance duka biyun ya tafi da su a duba. Ya ce, "Yallaɓai, gobe da safe zan dawo da su." Ni da shi babu wanda ya ɗaga kai ya dubi fankar, don garin tsit yake, ko ganye ba ya motsi. Bayan isha'i hadari ya haɗo daga gabas. Da farko wani shuu muka fara ji, kafin a jima ƙarar ta koma kamar jirgin 'yan makarantar koyon tuƙin jirgin sama ta Palladan zai sauka a tsakar gida. Na leƙa da tocila, farfelar ko ganinta ba a yi saboda gudu, turken yana rawa, igiyoyin suna kaɗawa. Uwargida ta tattara yara ta shige ƙuryar ɗaki tana ta salati. Na tsaya gaban kwantirola ban san abin da zan taɓa ba. Can sai muka ji ƙas, sannan wani ƙara a kan kwanon maƙwabta.

Farfela ɗaya ce ta karye ta yi sama, ta faɗa ta huda rufin ɗakin da mahaifiyar maƙwabcina take kwana. Tsohuwa ce da ba ta iya tashi da sauri. Allah ya tsare, ta maƙale a silin ba ta sauko ba, amma ruwa ya kwana yana zuba a kan katifarta. Da asuba bayan mun fito masallaci dattijon maƙwabcin nawa ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, ba faɗa na zo yi ba. Amma da abin nan ya sauko kan Inna, me za mu ce wa juna?" Na ce, "Baba, a yi min afuwa, laifina ne." Wallahi har yau idan na tuna maganar nan jikina sanyi yake yi. Na sayi kwano biyu, na biya kafinta, na sauya katifa, kuma ban ji ciwon ko sisi ba. Kunyar ce ta dame ni.

Da na kira dilan sai ya ce ai ba a barin ta babu batir, nauyin cajin shi ke riƙe gudunta, da na taka mata birki. Wane birki? Ashe wani ɗan makunni ne da ke haɗe wayoyinta uku wuri ɗaya, sai ta yi nauyi ta kusan tsayawa. Babu shi a kwalin, daban ake sayarwa, kuma duk doguwar hirar da muka yi kafin in tura kuɗi bai taɓa ambatarsa ba. Mutumin da ya iya turo min bidiyo biyar na fanka tana juyi a bakin teku ya kasa rubuta min layi ɗaya a kan abin da zai iya kashe mutum! Farfela kuma ya ce ba a sayar da ɗaya, sai ukun gaba ɗaya saboda a daidaite nauyinsu yake. Na biya, na jira mako biyar.

Injin kansa bai ƙone ba, wannan na yaba masa. Mun mayar da farfela, mun sa birkin. Sai dai yanzu da na hango hadari nake zuwa in tsayar da ita, don ba zan sake kwana da fargabar nan ba, kuma lokacin ne kaɗai damina take kawo iskar kirki. Kuɗin da na zuba da faranti da batir na ƙara, da tuni matsalar ƙarfe ukun dare ta wuce. Mai gona a fili wajen Shika ko Giwa, inda babu gini babu bishiya, kuma zai iya kafa turke mai tsawo sosai, wataƙila ya ci moriyarta. A cikin unguwa ban ba kowa shawara ba.

Na rubuta wa dilan cewa ya riƙa saka birkin a cikin kwali ko da zai ƙara kuɗi. Ya karanta, bai ba ni amsa ba. Inna kuwa har yanzu da an ce hadari ya taso sai ta sa a mayar da ita ɗakin jikokinta.