Kick 2 ta Sonic Academy: ɗora kik a kan kii ɗin waƙa

Duk furodusan da ya taɓa yin ƙasa da sautin samfur ɗin kik (wato ɗaukakken sautin babbar ganga mai amon ƙasa) a manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio don ya dace da bes ya san abin da ke biyo baya. Gindin sautin zai hau kii, wato sautin da aka gina waƙar a kansa, amma dukan ya yi laushi kamar gangar da ta kwana a raɓa, domin yin ƙasa da sautin samfur yana jan komai ƙasa a tare, da kan (dukan farko) da jelar (amon da ke biyo baya). Manhajar Kick 2 ta raba waɗannan biyun, kuma a nan take cin kuɗinta.

Ita da kanta take ƙera amon ƙasa, wanda ke faɗowa daga sama cikin sauri ya zauna, sannan akwai gurabe uku na ƙarar duka da ake ɗorawa a kai. A shafin Pitch za ka ga layi mai ɗigo-ɗigo, kowane ɗigo da sunan sautinsa. Na ƙarshen su ne kii ɗin kik. Ka ja su zuwa inda kake so, ka ƙyale na farkon, dukan zai tsaya yadda yake.

Ina za a ajiye jelar? Tsakanin 41 zuwa 55 Hz (yawan zagayen igiyar sauti a daƙiƙa) ne kik ke da nauyi: E1 tana 41.2, F1 43.7, G1 49, A1 55. Idan waƙar a C take, kar ka nace sai C. Ta ƙasa, 32.7, yawancin lasifiku ba sa fitar da ita, ta sama kuma, 65.4, ta fi kama da tom, gangar da ba ta kai kik kauri ba. Ɗauki sauti na biyar, wato G1. Ka dogara da lambar Hz, don lambar da ke bin harafin tana bambanta daga manhaja zuwa manhaja.

Kuskuren rabin mataki, wato kik ya hau sautin da ke dab da na bes, ya fi kowanne muni. Kik a 52, bes a 49, sai ka ji ƙasan waƙar yana rawa kusan sau uku a daƙiƙa, yana kumbura yana lotsewa. Ko sun hau sauti ɗaya ma, igiyoyinsu na iya cin karo su kashe juna, kuma Kick 2 ba za ta gyara maka wannan ba. Sai ka gajarta jelar a shafin Amp, ko ka sa kwamfuresa, abin da ke rage ƙarfin sauti, ya danne bes duk lokacin da kik ya sauka. A gudun bugu 120 a minti, bugu ɗaya milisakan 500 ne, wato rabin daƙiƙa. Jelar 250 ta bar wa bes rabin fili.

Gajeren kik kuwa, wanda bai kai milisakan 100 ba, ko zagaye biyar ba ya cikawa a 50 Hz, kunne da ƙyar yake kama kii ɗinsa. Kar ka ɓata dare a kansa.

Inda ta gaza: ba ta gano maka kii ɗin waƙa, kuma sautukan da ta zo da su sun karkata ga kiɗan rawa na lantarki, masu ƙarfi ainun, sai ka rage kafin su zauna ƙarƙashin murya. Mai neman amon ganga ta fata gara ya nemi samfur. Tunda a waya za a fi jin waƙar, kuma lasifikar waya ba ta fitar da amon ƙasa sosai, ƙara ɗan dagula amon ƙasan (distortion) daga cikin manhajar, sannan ka duba da SPAN ta Voxengo, manhajar nuna ƙarfin sauti a kowane Hz, wadda kyauta ce, ka ga ko 98 da 147 Hz, wato ninki biyu da ninki uku na G1, sun ɗago.