Kati mai sa hannu ko ƙwallo mai sa hannu: wanne za ka fara saye?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tsakanin ƙwallon besbol da ɗan wasa ya sa wa hannu da katin hotonsa da ya sa wa hannu, da wannan dala 200 da ka ce ka ware, kati za ka saya. Ina da duka biyun, kuma ƙwallon ce kaɗai na yi da-na-sanin kuɗinta. Sai dai ba kowane kati ba. Ka nemi wanda kamfanin buga katuna na Topps da kansa ya ba ɗan wasan ya rattaba wa hannu tun kafin a rufe shi a fakiti.

Daɗin irin wannan katin shi ne shaidarsa na jikinsa. A fuskarsa za ka ga an buga "Topps Certified Autograph Issue", a bayansa kuma akwai 'yan layukan da kamfanin ya ɗauki alhakin cewa sa hannun na gaske ne. Ba ka buƙatar wata takarda daban, wadda za ta iya ɓata ko a haɗa ta da wani kayan. Wannan tsari ya samo asali ne a 1990, lokacin da wani kamfanin kati, Upper Deck, ya sa ɗan wasa Reggie Jackson ya sa hannu a katuna 2,500 aka watsa su cikin fakitoci. Tun 2010 kuwa Topps ne kaɗai ke da lasisin buga kati da tambarin ƙungiyoyin MLB, wato babbar gasar besbol ta Amurka, shi ya sa za ka ga katunan wasu kamfanoni an goge tambarin hula da na riga. Sa hannun da ke kansu na gaske ne, amma a kasuwa ba su kai na Topps daraja ba. Katunan Bowman ma na Topps ne, kada sunan ya rikita ka.

Wanda bai taɓa riƙe katin Chrome, samfurin Topps mai ƙyalli, a hannu ba ba zai gane abin da ke jan mutane ba. Ka juya shi a haske, launuka su riƙa gudu a fuskarsa, ga shuɗiyar tawada zaune a kan farin wurin da aka tanadar mata, ga lamba an buga da ke gaya maka guda nawa aka yi a duniya. A Bowman Chrome launin ne ke faɗin adadin: shuɗi 150, kore 99, ruwan zinare 50, ruwan lemo 25, ja 5, sai wanda ake kira Superfractor guda ɗaya tak. Na ɗan wasa Mike Trout na 2009, wannan ɗaya tilon, an sayar da shi sama da dala miliyan 3.9 a 2020. Akwai kuma labarin da har yanzu yake faranta wa masu wannan harka rai: wani yaro ɗan shekara 11 a yankin Los Angeles ya buɗe akwatin Topps Chrome Update na 2024 ya tarar da katin da ya ba shi damar karɓar katin ɗan wasa Paul Skenes mai ɗauke da sa hannunsa da ƙyallen da aka ciro daga rigar wasansa na farko. Ƙungiyar Pittsburgh Pirates ta yi tayin kujeru biyu a filinta har shekara 30 don a ba ta katin, iyalin suka ƙi, aka kai shi gwanjo a Maris 2025 ya tashi dala miliyan 1.11.

Kada wannan labarin ya kai ka ga sayen rufaffen akwati. Dubban mutane sun buɗe irinsa sun tashi da sa hannun ɗan wasan da ko sunansa ba su taɓa ji ba, wanda bai kai rubu'in kuɗin akwatin ba. Masu buɗe akwati kai tsaye a bidiyo suna sayar wa mutane "ƙungiya" kafin a buɗe, wato duk katin 'yan wasanta da ya fito naka ne, su ma ka bar musu abinsu, ni dai ban ga bambancinsa da caca ba. Ka sayi katin da ka gani da idonka, guda ɗaya, na ɗan wasan da kake so.

Cikin katunan masu shaidar kamfani ma akwai gaba da baya. Wani ɗan wasan ya riƙe katin ya sa hannu a jikinsa. Wani kuwa takardar sitika aka kai masa ya cike ta da sa hannu, daga baya aka riƙa ɓare su ana mannawa a kati. Ka karkata katin ko ka ƙara girman hoton, za ka ga gefen sitikar kamar siririn layi kewaye da sa hannun. Sau da yawa jelar harafi takan fita wajen sitikar ta yanke. Na jikin kati ya fi kyau, ya fi kuma riƙe daraja, don haka in bambancin kuɗin bai yi yawa ba shi za ka ɗauka. Akwai kuma katin alkawari, wanda ba sa hannu a kansa sai lambar sirri da za ka shigar a shafin kamfanin su aiko maka daga baya. Yana da ranar ƙarewa, kuma idan an riga an kankare lambar to takarda kawai ka saya.

Dala 200 ba za ta kai ka ga sa hannun Shohei Ohtani ko Aaron Judge ba, wannan ka cire shi a ranka. Duk wanda ya yi maka tayinsu a wannan farashin, jabu ne a hannunsa. Amma za ta saya maka na tsofaffin gwanayen da suka sa hannu da yawa, irin su Andre Dawson da Rollie Fingers, har da canji mai kauri, ko na matashin da ya shigo gasar kwanan nan. Idan matashi ne, ka nemi tambarin RC na shekararsa ta farko, ko "1st Bowman", wato katinsa na farko a Bowman, a kusurwar katin. Farashi kuma kada ka duba abin da mai kaya ya rubuta. A shafin cinikin eBay ka tace sakamakon zuwa waɗanda aka riga aka sayar, ka duba biyar ko goma na ƙarshe.

Ita ƙwallo, ban hana ta kyau in an ajiye ta a kan tebur ba, iyakar yabon da zan yi mata ke nan. Fata ce, tana shan tawada tana kuma sauya launi. Idan da alƙalamin maka mai kaurin baki aka sa hannun, a hankali yake bajewa ya yi inuwa a gefe. Idan ƙwallon mai araha ce mai fatar roba, ko da biro aka yi zai dusashe. Wadda take daɗewa ita ce ta kamfanin Rawlings ta gasar MLB, da shuɗin biro, a ƙugunta inda ɗinkuna biyu suka fi kusantar juna, kuma ko ita maiƙon yatsa yana bar mata tabo ruwan ƙasa bayan shekaru. Ga shi kuma ana yawan yin jabun sa hannu a jikinta.

Tunda mun zo nan, ba ka tambaya ba amma dole in faɗa. Takardar shaida da mai shago ya buga da kansa ba komai ba ce, wanda ya iya ƙirƙirar sa hannu buga takarda ba zai gagare shi ba. Binciken da hukumar binciken laifuka ta Amurka, FBI, ta yi a ƙarshen shekarun 1990, wanda aka sa wa suna Operation Bullpen, ya bankaɗo gungun masu jabu da ke haɗa kowane kaya da takardarsa. Bayansa ne a 2001 MLB ta kafa nata tsarin: jami'inta yana tsaye ake sa hannun, ya manna tambari mai ƙyalli mai lamba, kai kuma ka shigar da lambar a shafinsu ka ga bayanin kayan. In har zuciyarka ta nace sai ƙwallo, to mai wannan tambarin, ko mai shaidar kamfanonin tantance sa hannu irin su PSA/DNA, JSA ko Beckett. Su ma ka lura, wata shaidar tasu ta ganin ido ce, wata kuwa ra'ayin ƙwararre ne bayan ya gwada da sa hannun da aka sani. Ta ganin ido ta fi ƙarfi. Ka karanta tambarin ƙwallon ma, domin yana ɗauke da sunan shugaban gasar na lokacin: mai sunan Rob Manfred ba ta girmi 2015 ba, mai sunan Bud Selig a matsayin ƙwallon gasar gaba ɗaya daga 2000 ta fara. Shahararren ɗan wasa Mickey Mantle ya mutu a 1995, saboda haka sa hannunsa a kan ɗayansu ƙarya ce tsagwaronta.

A ɓangaren kati dabarunsu daban ne. Sukan ɗauki katin da bai da sa hannu su zana masa, to ka nemi wancan rubutun na kamfani a fuska da baya. Tsofaffin katuna da yawa, har da Topps na 1952, an buga su ne da hoton sa hannu a jikinsu, ɗab'i ne ba tawada ba. Idan ka ga "RP" a ɓoye cikin bayanin talla, sabon bugu ne na kwaikwayo. Sukan kuma aske gefen kati da reza don kusurwoyinsa su yi kaifi, shi ya sa ake aunawa: kati na yau da kullum inci 2.5 ne da 3.5. Wanda ke cikin rufaffiyar robar PSA, SGC ko Beckett, kamfanonin da ke tantance kati su ba shi maki, ka shigar da lambar da ke kan takardarsa a shafin kamfanin, in akwai hoto ka gwada shi da wanda ake sayar maka, domin ana satar lamba ta gaske a liƙa wa robar bogi. Wajen biya, duk wanda ya ce sai ta manhajar tura kuɗi ta Zelle ko ta hanyar 'yan'uwa da abokai a PayPal, ka ƙyale shi, waɗannan ba su da kariyar mai saye.

Idan katin da ka zaɓa ba a cikin robar tantancewa yake ba, ka nemi hoton gaba da baya a haske mai kyau, ka duba abu huɗu da masu ba da maki ke dubawa: daidaiton hoton a tsakiya, kusurwoyi, gefuna da fuska. A Chrome fuskar ce ke ba da matsala, ƙarce da layin injin ɗab'i ba sa fitowa sai an karkata shi. Sa hannun ma ka duba ko biron ya yi tsalle ko an shafe shi da yatsa kafin ya bushe.

Da ya iso hannunka, ka riƙe shi ta gefe. Siririyar leda mai laushi za ka fara sa masa, sannan ka zira shi cikin roba mai tauri, wadda a shago ake ce wa toploda. Kai tsaye ba leda, robar da kanta za ta ƙarce shi. Kauri yana da lamba: 35pt na kati na yau da kullum ne, mai ƙyallen riga a ciki yakan buƙaci 100pt zuwa 130pt ko fiye, kuma tura kati mai kauri cikin matsattsiyar roba shi ke murƙushe kusurwa. Ka rufe bakin da shuɗin tef na masu fenti, ba salatif ba, don shi yana barin danƙo. Ban da ɗaure katuna da roba, ban da tsofaffin gidajen roban nan masu noti huɗu da ke matse kati har fuskarsa ta manne. Rana ita ke cinye tawada, ko ta taga ce, saboda haka a aljihun tebur ko akwati zai zauna. In kuma za ka taho da shi gida hutu, ka jefa ƙunshin silika mai tsotse laima biyu ko uku a akwatin, domin Chrome yana lanƙwashewa idan iska ta sauya daga laimar damina zuwa bushewar hunturu, kuma kada ka bar shi a cikin mota a ranar Kano.